Malti da giya: ina sukarin yake tafiya?

Tun ranar 27 ga Janairun 2000 da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Jihar Zamfara, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, doka ta haramta sayar da giya da shanta a jihar. Abin da ake rabawa a walimar aure a Gusau ko a taron ofis shi ne lemon kwalba da malti. Shi maltin har matsayi na musamman gare shi: da shi ake zuwa dubiya asibiti, ana kai wa mai jego, wasu kuma su haɗa shi da madara wai don ƙarin jini. Kaɗan ne ke tambayar yawan sukarin da ke ciki.

Malti da giyar hatsi tushensu ɗaya. Ana jiƙa hatsi har ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, sitacin da ke cikinsa ya rikiɗe ya zama sukari. Da can sha'ir ake amfani da shi, amma da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawa, irin wadda manoman Tsafe da Bunguɗu ke nomawa. Daga nan ne hanya ke rabuwa. Idan giya za a yi, sai a zuba yis, ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Shi ya sa gwangwanin giya mai mililita 330 kan ƙunshi giram 10 zuwa 13 na kabohaidiret, sukari kuwa ɗan kaɗan. Giyar inabi marar zaƙi ma sukarinta bai taka kara ya karya ba.

Wannan ba yabon giya ba ne. Giram ɗaya na barasa na ɗauke da kalori 7, na sukari kuwa 4. Barasa na lalata hanta, tana kuma iya karyar da sukarin jinin mai ciwon sukari da ke shan magani, har ya suma.

Malti ba a bari ya tsimu. Saboda haka sukarin hatsin na nan daram, galibi ma ana ƙara wani a kai. Yawancin nau'o'insa sun kai giram 10 ko fiye a kowace mililita 100, kusan daidai da Coca-Cola mai giram 10.6. Gwangwani ɗaya ke nan ya kai ƙaramin cokali takwas na sukari. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015, bai kamata babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana ba, an kuma fi son ya tsaya a 25. Ɗan kasuwar da ya karya da shayi mai kauri, ya sha malti da azahar, ya kora zoɓo da la'asar, ya zarce wannan iyaka tun rana ba ta faɗi ba.

Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, harajin da a ganina bai kai ya hana kowa saye ba. Mai son sanin abin da yake sha ya duba bayan gwangwani: sau da yawa adadin da aka rubuta na mililita 100 ne kawai, sai an ninka shi sau uku da ɗoriya kafin a samu na gwangwanin duka.