Tabkin Kalmalo da Ruwan Majiya: Ɗan Tsokaci kan Tarihi

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin jihadi ya san Tabkin Kwatto, domin a bakinsa ne rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta karya ta Sarkin Gobir Yunfa a watan Yuni na 1804. Tabkin Kalmalo kuwa, wanda ke kudu da Birnin Ƙwanni a ƙetaren iyaka, littattafai ba su cika ambatonsa ba. A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu nuna cewa ba a fahimtar wannan tabki idan an tsaya a bakinsa kawai: gindinsa yana Najeriya, amma ruwansa daga Nijar yake fitowa, kuma tarihinsa na ƙarni na ashirin tarihin wannan rabuwa ne.

Da farko sai a dubi kalmar. Abin da Bakano ke kira tafki shi ne mutumin Adar da na Ƙwanni ke kira tabki, kuma sigar yamma muka riƙe a nan da gangan. Tabki ruwa ne kwantacce mai faɗi wanda ke iya kai rani. Kududdufi ƙarami ne, galibi ramin da aka haƙi ƙasar gini. Fadama kuwa ƙasa ce mai damshi da ruwa ya janye ya bari. Faransanci ya kan tara yawancin waɗannan a ƙarƙashin kalma guda, kuma rahotannin ma'aikata sun gaji wannan. A ganinmu asara ce, domin manomi na rarrabe su bisa daɗewar ruwa da irin amfanin da ake yi da wurin.

Majiya ba kogi ba ce mai gudu duk shekara. Daga duwatsun Adar take tattara ruwan damina, ta gangaro kudu maso yamma ta yankin Malbaza da Tsarnawa, ta wuce Ƙwanni, sa'annan ta zuba a kwarin Kalmalo cikin ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato. (Kada a haɗa wannan Illela da Illela ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, masu tsara taswira sun sha yin haka.) Ke nan cikar tabkin ta dogara ne ga ruwan ƴan watanni, kuma duk abin da ya tare shi a sama, a ƙasa ake jin sa.

Iyakar da ta raba kwarin biyu ba a rana ɗaya aka shata ta ba. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta bar Ƙwanni a ɓangaren Ingila, abin da bai hana ayarin Voulet da Chanoine ƙone birnin ba a watan Mayu na 1899. Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, don haka aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, sa'annan Tilho da O'Shee suka bi shi suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Abin lura shi ne, ruwa ne ya sa aka gyara iyakar, amma ruwan ayari ake nufi, ba na mazauna kwarin ba. Ƙwanni ta koma hannun Faransa, Kalmalo ta zauna hannun Ingila.

Muddin Majiya na gudu yadda ta saba, rabuwar ba ta dami masunta da masu noman rani ba sosai. Farin 1968 zuwa 1974 ne ya canza lissafi. Gwamnatin Nijar ta juya ga noman ban ruwa, aka kafa ONAHA a 1978, aka gina barajin Mozage da na Zango a kan Majiya, tare da matarar Cerasa, don shayar da gandun Ƙwanni mai fiye da hekta 2,000. Dubban iyalai sun sami alkama da dawa da albasa da auduga daga nan, kuma ba wanda zai raina wannan a ƙasar da ta ga yunwar 1984, wadda jama'a suka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyaka da aka yi a shekarar. Sai dai a ƙasa tabkin ya ja baya, kamun kifi ya ragu. Mutanen Kalmalo baraji suke ɗora wa laifi. Masana ruwa suna ƙara ƙarancin ruwan sama da yashin da zaizayar Adar ke kwasowa, wanda ya cinye wani sashe na cikin barajojin su kansu. Mu dai muna ganin dalilan sun haɗu ne, kuma wanda ya ɗauki guda ya yar da sauran yana kallon kwarin ne daga gefe ɗaya na iyaka.

Hukumomi sun amince da haka a takarda. Ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, an sa hannu a Maiduguri ranar 18 ga Yuli 1990 kan yarjejeniyar rabon ruwan kwaruruka huɗu da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai. Majiya da Lamido ne na farko a jerin, kafin Gulbin Maraɗi da Tagwai da Komadugu Yobe.