Laima da sukuwa: Yadda Qatar ke tallata sunanta a filayen tseren dawaki na duniya

Titin Corniche ya kewaye gaɓar tekun Doha kamar baka, tsawon kusan kilomita 7, daga otal ɗin Sheraton da aka buɗe a 1982 zuwa Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci da aka buɗe a 2008. A tsakaninsu fadar mulkin sarkin ƙasar take, wato Amiri Diwan. A kan wannan titi aka saba gudanar da faretin Ranar Ƙasa ta 18 ga Disamba, inda mahaya dawaki da raƙuma kan fito tare da sojoji. Bayan titin kaɗan, a kasuwar Souq Waqif, akwai bargar dawakan Larabawa da baƙi ke zuwa kallo.

Ruwan saman da Doha ke samu a shekara guda bai kai milimita 100 ba, abin da Kano kan iya samu cikin makonni kaɗan na watan Agusta. Wanda ya buɗe laima a Corniche, rana yake gudu. Amma wannan ƙasa da ba ta san damina ba ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyin sukuwar dawaki a Faransa da Ingila, inda ruwa kan tsuge wa 'yan kallo ba sallama. A irin waɗannan filaye ne laima mai ɗauke da tambarin kamfani ta samu gurbi a harkar talla.

Abin da mai ɗaukar nauyi yake saye

Kamfani ko ƙasar da ta ɗauki nauyin sukuwa ba doki take saye ba, ba kuma nasara ba. Tana sayen damar a ga sunanta, a kuma ambace shi. Ana liƙa sunan a gaban sunan tseren, ta yadda mai sharhi a talabijin ba zai iya faɗin ɗaya ya bar ɗaya ba. Ana buga shi a allunan gefen fili, da ƙofofin da dawaki ke fitowa daga ciki, da ƙyallen da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi, da bargon da ake lulluɓa wa dokin da ya yi nasara. Daga nan sai ƙananan kaya: huluna, jakunkuna, riguna da laima.

Laima ce mafi ban sha'awa a cikinsu, saboda yanayin wasan kansa. Babban tsere ba ya wuce 'yan mintuna, amma ɗan kallo kan yini a fili, yawancin lokacin a tsaye a sarari. Babbar laima irin ta 'yan wasan golf faɗinta kan kai mita ɗaya da rabi, galibi da ɓangarori takwas da za a iya buga suna a kan kowanne. Tana sama da kan jama'a, inda kyamara ke hange. Allon gefen fili yana nan inda aka kafa shi, ita kuwa laima tana bin mai riƙe da ita zuwa wurin zagayen dawaki, zuwa wurin miƙa kofi, daga ƙarshe ta bi shi gida.

Akwai kuma wani abu da masu talla suka daɗe da ganewa. Mutum kan jefar da takardar talla kafin ya kai ƙofa, amma abin da ya cece shi daga jiƙewa ba ya jefarwa. Alhazan Najeriya da Nijar sun san wannan, domin a Mina da Arfa an saba ganin laimomin da kamfanonin sadarwa da bankuna ke rabawa, kuma da yawansu kan dawo gida cikin jakar tsaraba.

Daga Al Rayyan zuwa Longchamp

Cibiyar wannan harka a Qatar ita ce ƙungiyar sukuwa da hawan doki ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da QREC. An kafa ta a 1975, kuma filinta yana Al Rayyan, yamma da tsakiyar Doha. A can ake gasar Takobin Sarki a watan Fabrairu, lokacin da zafi ya sassauta. Akwai kuma Al Shaqab, gidan kiwon dawakan Larabawa da Sheikh Hamad bin Khalifa Al Thani ya kafa a 1992, shekara uku kafin ya hau mulki.

A 2008 QREC ta karɓi ɗaukar nauyin Prix de l'Arc de Triomphe, tseren mita 2,400 da ake yi a filin Longchamp na birnin Paris tun 1920, yawanci a Lahadin farko ta watan Oktoba. Nan take kuɗin kyautar ya ninka daga yuro miliyan 2 zuwa miliyan 4, daga baya ya kai miliyan 5. Tun daga lokacin kalmar Qatar ta zama farkon sunan tseren, kuma launin tutar ƙasar, ja mai duhu irin wanda Bahaushe ke kira ruwan makuba, ya mamaye filin a wannan rana. A 2013 da 2014 wata goɗiya mai suna Treve, mallakar Sheikh Joaan bin Hamad Al Thani, ta lashe tseren sau biyu a jere. Mai ɗaukar nauyi da mai dokin da ya ci duk 'yan ƙasa ɗaya ne.

A Ingila, kamfanin QIPCO na wasu 'yan gidan sarautar Qatar ya fara ɗaukar nauyin jerin manyan tsere a 2011. A 2014 ya samu abin da ba a taɓa ba wani kamfani ba: izinin a ga sunansa a bikin sukuwar gidan sarauta na Royal Ascot, a filin da Sarauniya Anne ta kafa a 1711. Shekara guda bayan haka, a 2015, bikin kwana biyar na Goodwood da ke kudancin Ingila ya koma amsa sunan Qatar Goodwood Festival bisa yarjejeniyar shekara goma.

Goodwood wuri ne da ke nuna amfanin laima ƙarara. Filin yana kan tudu kusa da teku, kuma ko da yake a tsakiyar bazarar Turai ake bikin, sama ba ta da alƙawari. A 2017 an yi tseren Sussex Stakes, mai kyautar fam miliyan 1, cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, har wani dokin da ba a sa wa rai ba mai suna Here Comes When ya doke waɗanda ake ji da su. A 2023 kuwa sai da aka soke sauran tseren ranar ƙarshe saboda ruwa. A irin waɗannan ranaku hoton da duniya ke gani na taron jama'a laimomi ne kawai, kai ba ya ganuwa.

Qatar ta yi amfani da waɗannan yarjejeniyoyi wajen shigar da dawakan Larabawa tsantsa cikin manyan ranakun sukuwar Turai, inda a da ba su da wuri sosai. Ta haɗa tsere uku, ɗaya a Goodwood, ɗaya a Longchamp, na ƙarshe Takobin Sarki a Doha, ta sa kyauta ta musamman ga dokin da ya cinye su duka. Ingarma mai suna Ebraz ne ya fara yin hakan, a 2020. Akwai tarihi a bayan wannan: dawakan sukuwar Turai na yau duk ana danganta asalinsu ta wajen uba ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga Gabas ƙarni uku da suka wuce, wato Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian.

Inda ba a barin ta shiga

Ba kowane fili ne ke maraba da laima ba. A Churchill Downs na Amurka, an hana shiga da ita ranar tseren Kentucky Derby, komai ƙarfin ruwa. Tana tare wa na baya kallo, kuma doki dabba ce mai saurin firgita. Laimar da aka buɗe kwatsam ko wadda iska ta fizge na iya razana shi a lokacin da mahayi ke kansa.

Wata damuwar ita ce ta satar talla. Idan kamfani ya biya miliyoyi don a ga sunansa shi kaɗai, abokin hamayyarsa na iya tsayawa bakin ƙofa ya raba wa jama'a laimomi kyauta, ya shiga hoton da bai biya ko sisi ba. Masu shirya wasanni sun ɗauki wannan da zafi. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu an fitar da mata 36 daga filin wasa saboda sun sa riguna ruwan lemo masu alaƙa da wani kamfanin giya na Holan da ba ya cikin masu ɗaukar nauyi. Qatar ma ta yi doka ta musamman a 2021 don kare haƙƙin Fifa da abokan cinikinta kafin gasar 2022, lokacin da aka rufe Corniche ga motoci aka mayar da shi dandalin masu tafiya a ƙasa. Shi kuwa Royal Ascot, dokokinsa na sutura sun hana ɗan kallo sa kayan da ke tallata wani kamfani.

Abin da ake muhawara a kai

Sukuwa a Turai ta dogara sosai da caca. A Birtaniya akwai haraji na musamman da ake karɓa daga kamfanonin caca ana zubawa a harkar, a Faransa kuma kamfanin PMU ne ke tara kuɗin. A Qatar caca haramun ce a doka, don haka sukuwar Al Rayyan da kuɗin hukuma da na masu ɗaukar nauyi ake yin ta. Ga filayen Turai, kuɗin Qatar wata ƙofa ce ta samu da ba ta bi ta teburin caca ba, ko da yake ana ci gaba da caca a kan tseren da ke ɗauke da sunan ƙasar. Kuma kuɗin mai ɗaukar nauyi ba gado ba ne: tseren 2000 Guineas da ya daɗe yana amsa sunan QIPCO ya koma hannun kamfanin caca na Betfred a 2025.

Masu suka, musamman ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, na cewa ƙasashen yankin Gulf na amfani da wasanni don wanke sunansu, su kawar da hankalin duniya daga halin da ma'aikata baƙi ke ciki. Hukumomin Qatar na musanta haka, suna nuni da gyare-gyaren da suka yi wa dokokin ƙwadago. Ɗaya daga cikinsu ya shafi inuwa kai tsaye: tun 2021 an hana aiki a sarari daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na rana, tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Bahaushe na da karin magana a kan inuwar giginya, wadda na nesa ke sha, kuma da wuya mai karanta labarin kuɗin da ake kashewa a Paris da Goodwood bai tuna da ita ba. Sai dai adalci ne a ce tambayar ba ta Qatar kaɗai ba ce, domin filayen da ke karɓar kuɗin su ma sun san inda ya fito.

Laima a ƙasar Hausa

Ga mai karatu Bahaushe, haɗuwar doki da laima ba sabon abu ba ne. Masana harshe na danganta kalmar kanta ga ta Larabci, al-khaima, wato tanti. A hawan sallah na Kano ko Katsina ko Zazzau, daga nesa ake gane inda sarki yake cikin ɗaruruwan mahaya, saboda laimar da ake juyawa bisa kansa. Ba a buga suna a kanta, domin babu wanda bai san mai ita ba. Haka take a wasu masarautun ma. Halifofin Faɗimiyya na Misra sun ɗauke ta alamar mulki, kuma da sojojin Birtaniya suka ci Kumasi a 1874, laimar Sarkin Asante Kofi Karikari na cikin abin da suka aika wa Sarauniya Victoria. A Disamban 2024 hukumar Unesco ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

'Yan siyasa da 'yan kasuwa sun ari wannan ma'ana. Jam'iyyar PDP ta ɗauki laima a matsayin alamarta tun kafuwarta a 1998. Bayan shigowar wayar salula a 2001, titunan Najeriya suka cika da manyan laimomi masu launin kamfanonin sadarwa, rawaya da kore da ja, a kan teburan masu sayar da kati da masu buga waya. Yau masu POS ne suka gaji wuraren, har da laimomin. Kamfani ya ba da inuwa, mai sana'a ya ba da wuri, kowa ya samu abin da yake so.

Abin da bai bunƙasa ba shi ne haɗa wannan da sukuwa. A zamanin Turawa manyan garuruwa na da filayen tsere. A na Legas aka ɗaga tutar 'yancin kai a 1960, shi ne ya zama Dandalin Tafawa Balewa, kuma a Kano har yau ana kiran wurin Filin Sukuwa. Matasa na ci gaba da sukuwa a garuruwan Arewa da na Nijar, amma kuɗin manyan kamfanoni ya fi karkata ga ƙwallon doki, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya raya kuma ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa. A filin Fifth Chukker da ke kusa da Kaduna, bankin Access ya shekara da shekaru yana ɗaukar nauyin gasar da ake tara wa Unicef kuɗi, kuma 'yan kallon da ke zaune a rumfunan manyan baƙi su ne irin mutanen da banki ke son su ga tambarinsa.