Daga 160 zuwa 280: yadda ƙirgen haruffa ya cinye mana ƙ, ɗ da ɓ

1/ Jama'a ku matso. 'Yar da'irar nan da ke cika yayin da kake rubutu a X, har lamba ta koma ja in ka wuce iyaka, tana da tarihi. Kuma tarihin ya shafi yadda muke rubuta Hausa a waya. Ku biyo ni a hankali.

2/ A 1985 wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, ya zauna gaban tafireta a gidansa da ke Bonn yana buga jimloli yana ƙirga haruffansu. Kusan duka ba su kai 160 ba. Aka duba katunan gaisuwa da saƙonnin teleks, su ma haka.

3/ Ita ma na'ura da nata dalilin. A tsarin GSM, saƙo ɗaya bit 1,120 yake ɗauka. In kowane harafi ya ci bit 7, raba ka gani: 160 cif. Ranar 3 ga Disamba 1992 Neil Papworth ya tura tes na farko a Ingila, daga kwamfuta zuwa waya.

4/ To ga inda gizo ke saƙar. Bit 7 gurbi 128 kawai yake bayarwa. Turawa suka cika su da haruffan Ingilishi, lambobi, su é, ñ, ü, har da wasu haruffan Girkanci. Ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar ba su samu kujera ba.

5/ Da zarar ƙ guda ɗaya tak ta shiga tes, sai waya ta mayar da saƙon gaba ɗaya tsarin Unicode, iyaka ta faɗo daga 160 zuwa 70. In kuma saƙon ya rabu, kowane shafi 67 yake ɗauka maimakon 153.

6/ Yi lissafi: tes mai haruffa 150 shafi ɗaya ne. Saka masa ƙ ɗaya, ya zama shafi uku, kuɗi ninki uku. Harafi ɗaya fa!

7/ Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, madannan wayoyin ma ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Ga kati da tsada. Sai muka saba da slm, ykk, lfy, ngd. Ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari, ɗaiɗai ya koma daidai. Mai karatu ya yi ta canka.

8/ Twitter ya zo a 2006 yana dogaro da tes. Shi ya sa aka tsayar da 140: an cire 20 daga 160 don sunan mai rubutu ya samu wuri.

9/ A Nuwamba 2017 aka ninka zuwa 280. Kamfanin ya ce kusan kashi 9 cikin ɗari na rubutun Ingilishi yana cin karo da iyaka, na Japananci kuwa kashi 0.4 kacal. Shi ya sa ba a ƙara wa Japananci, Sinanci da Koriyanci ba.

10/ Yanzu ga abin da da yawa ba su lura ba. A X, ƙ, ɗ da ɓ kowanne ɗaya ake ƙirga shi, daidai da k, d da b. Haruffan ajami na Larabci ma haka. Emoji ne ke cin 2, adireshin shafin intanet kuma 23 komai tsawonsa. Wato mai jera emoji biyar na dariya ya fi mai rubuta ƙ goma sha... a'a, sun yi kunnen doki da mai ƙ goma. Uzurin tsada ya ƙare a nan kam.

11/ A tes kuwa dokar tana nan daram. Masu makarantu da shaguna da ke tura saƙo ga mutane da yawa, ku fara liƙa shi a manhajar ƙirga haruffan tes, wadda ke nuna GSM ne ko Unicode da yawan shafuka. Mai ƙirga kalmomi kawai ba zai nuna maka wannan ba.

12/ Ku kula da alamar nan ta 'ya'ya da jama'a. In daga Word ka kwafo, sau da yawa lanƙwasasshiya ce, ita ma ba ta cikin jerin GSM, tana jefa saƙo zuwa 70. Goge ta ka sa miƙaƙƙiyar, sai ka ga shafi uku ya dawo ɗaya.