Amsoshin Wasiƙunku: Wa Ke Sanar da Kamfani In Sabis Ya Ɗauke?

Wani mai sauraronmu, manomin albasa daga Aliero ta Jihar Kebbi, ya aiko da tambaya. Ya ce ran kasuwar Jega yana cikin ciniki da dillali ta waya sai sabis ya ɗauke, ciniki ya lalace. Shin wa ke gaya wa kamfani, kuma yaushe aka soma wannan dabara?

To Malam, abin yana da tarihi. A da, in abu ya taso a gari, kuge ko tambari ake bugawa, sankira ya zaga da shela. Da Turawa suka kawo wayar tangaraho, in ta tsinke sai ma'aikaci ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya har ya gano wurin. Wato dai sai an ga ɓarna da ido.

A 1983 wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta ɗan umarnin kwamfuta mai suna Ping. Aikinsa kamar sallama ne a ƙofar gida: na'ura ta yi wa 'yar'uwarta sallama, in an amsa lafiya lau, in shiru akwai magana. A 1988 aka fito da ƙa'idar SNMP, wadda ta ba na'ura damar kai ƙarar kanta. A 1999 kuma Ethan Galstad ya fitar da manhajar sa ido, wadda tun 2002 ake kira Nagios.

Mu nan, wayar salula ta GSM ta soma aiki a 2001. Kafin nan sai layin NITEL, wanda mutumin karkara bai cika samu ba. Da turakun sabis suka yi yawa, sa mai gadi ya riƙa kai rahoto bai wadatar ba. Sai injiniyoyi suka koma rubuta wa kwamfuta umarni sau ɗaya, ita kuma ta bi dubban na'urori tana ɗora wa kowace sharaɗi: in man janareta ya yi ƙasa, ko batir ya raunana, ko an buɗe ƙofa, ko an yi sallama an ji shiru, a tura wa injiniyan yankin saƙo nan take.

Amma fa saƙo ba ya gyara. Sai mutum ya taso da mai da kayan aiki, ga nisa, ga hanyar damina. Shi ya sa kamfani kan sani da wuri, gyara ya yi jinkiri.

Alat ɗin banki ma irin wannan aiki ne, na'ura ke turowa, 'yan damfara kuma suna kwaikwayonsa. Saboda haka kada ka bari a loda buhunan albasarka sai ka duba asusunka ka ga kuɗi sun shiga.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah ya ba da kasuwa.