Abin da ke hana manhajar da aka kwafo buɗewa

A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, da nufin karya lagon 'yan bindiga. Garuruwa irin su Babban Duhu suka shafe watanni ba kira, ba intanet. A irin wannan hali manhaja kan iso ne ta filashi ko ta Xender daga hannun wanda ya shiga birni, kuma sau da yawa a kwafo ta, a danna, ta ƙi tashi.

Galibi ba lalacewa ta yi ba. Manhajoji da dama ba sa zuwa da dukkan kayan aikinsu. Suna dogaro ne da wasu fayilolin haɗaka da ke cikin na'ura, kamar yadda gidajen unguwa ke dogaro da injin niƙa guda. A Windows sunan waɗannan fayiloli kan ƙare da .dll, a Linux da Android kuwa da .so. In babu ɗaya daga cikinsu, ko wanda ke akwai tsohon zubi ne, manhajar ba za ta motsa ba.

Matakin farko shi ne a rubuta sunan fayil ɗin da saƙon kuskuren ya ambata, harafi da harafi. Idan VCRUNTIME140.dll ne ko MSVCP140.dll, abin da ake nema shi ne kunshin Visual C++ Redistributable na Microsoft. Iri biyu aka fi amfani da su, x86 da x64, kuma tsarin manhajar ake dubawa, ba na kwamfutar ba: manhaja mai bit 32 tana buƙatar x86 ko da kwamfutar mai bit 64 ce. A nan mutane suka fi tuntuɓe. A Linux, umarnin ldd yana jero fayilolin da manhaja ke nema tare da nuna waɗanda babu.

Ta waya ta fi shafar jama'a. Tun Agustan 2021 Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji tsarin da ke rarraba su gida-gida gwargwadon irin wayar. Wanda ya tura wa abokinsa babban ɓangaren kaɗai ya bar fayilolin .so a baya, sai manhajar ta ƙi sakuwa, ko ta rufe da zarar an buɗe ta.

Akwai shafukan da ke raba fayilolin .dll ɗai-ɗai, kuma gara a ƙaurace musu. Fayil ɗin da ba a san asalinsa ba yana samun duk damar da manhajar ke da ita a kwamfuta, abin da ke da haɗari ga matashin da ke ajiye hotunan hare-hare, sunayen shaidu ko bayanan sa ido kan zaɓe. Mai zama inda sabis ke yankewa ya sauko da cikakken kunshin manhajarsa da na Microsoft, duka iri biyun, daga shafukan masu su, ya adana a filashi tun layi na nan.