Tarihi: Shekarar da Aka Yanke Sabis a Sabuwa da Faskari

A watan Satumba 2021 gwamnatin Masari ta sa aka yanke sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara. Mutanen Damari sun ji jiki: ba kira, ba tiransifa, na'urar POS ta zama kwalliya.

Tun shekarun 1990 Batya Friedman, malamar jami'a a Amurka, take cewa ɗalibi ya fara tambayar wa manhajarsa za ta bari a baya kafin ya gina ta. A 2017 Harvard ta shigo da masana falsafa azuzuwan kwamfuta. Ɗalibanmu na Dutsin-ma, inda yankewar ta kai, tasu tambayar ta fi zafi: in sabis ya ɗauke wata uku, ta yaya manomin Damari zai karɓi kuɗin masararsa?