Malami ɗaya, ɗalibai biyu: abin da tarihi ke koya mana kan jagorancin kundin dakta

Gabatarwa

Duk shekara, idan lokacin ajiye kunduna ya matso, koke iri biyu muke ji a sassan jami'o'inmu. Ɗalibi ya ce malaminsa ya riƙe masa babi wata da watanni bai duba ba. Malami ya ce ɗalibinsa ya ɓace tun ranar rajista, sai yau ga shi da tarin takardu yana neman sa hannu. Kowannensu gani yake shi aka ci wa haƙƙi. Da yake daga Faransa muka gaji tsarin digirin dakta, a wannan ƴar muƙala za mu koma can, mu dubi abin da ya gudana tsakanin malami ɗaya, Marcel Griaule, da ɗalibansa biyu, Jean Rouch da Cheikh Anta Diop.

1. Tsarin da suka tarar

A wancan zamani babban digiri shi ne wanda ake kira doctorat d'État. Mai nemansa a fannin adabi da tarihi kunduna biyu yake rubutawa, babba da ƙarami, kuma aikin kan ci shekaru masu yawa. Babu takardar da ta ƙayyade sau nawa malami zai gana da ɗalibinsa. Ɗalibi kuma ba shi da ikon tara kwamitin da zai saurare shi: sai malami ya yarda aiki ya nuna, sannan a sami manyan malaman da suka amince su zauna. Ke nan makomar ɗalibi tana rataye ne ga halin malaminsa da kuma girmansa a idon takwarorinsa.

Griaule kuwa babba ne. Shi ya jagoranci ayarin binciken da ya ratsa Afirka daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933, ya yi suna da aikinsa kan al'ummar Dogon, kuma shi ya fara riƙe kujerar nazarin al'adun al'ummomi a jami'ar Sorbon.

2. Jean Rouch: ɗalibin da ya ƙi bin umurni

Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi. A nan ya fara ganin wasan iskokai na Zabarmawa da Sonrai, ya rubuta abin da ya gani, rubutun ya kai hannun Griaule. Bayan yaƙin duniya na biyu ya zama ɗalibinsa, ya kare kundinsa kan addinin Sonrai a 1952.

A 1954 Rouch ya ɗauki fim a Akra tsakanin ƴan Hauka, yawancinsu ƴan ci-rani daga Nijar, waɗanda iskokinsu ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa. Da aka nuna fim ɗin, Les Maîtres fous, a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris, Griaule ya nemi a lalata shi. Ƴan Afirka da ke wurin su ma sun ƙi shi, don tsoron kada ya ƙara wa masu raina baƙar fata hujja. Rouch bai lalata ba, kuma fim ɗin ya ci kyauta a Venise a 1957.

Abin lura a nan biyu ne. Malami ya faɗi ra'ayinsa a fili, a gaban ɗalibin, bai ɓoye ba. Ɗalibi ya saurara, ya yanke shawara kan aikin da yake nasa. Saɓanin bai tsinke zumunci ba: Griaule ya rasu a 1956, amma daga 1967 Rouch da Germaine Dieterlen suka shafe shekaru suna ɗaukar bikin Sigui na Dogon, wato ci gaban aikin malamin. Sai dai kada mu manta, a lokacin da Rouch ya ƙi, digirinsa yana hannunsa.

3. Cheikh Anta Diop: kundin da ya rasa kwamiti

Diop, ɗan Senegal, ya isa Paris a 1946. A 1949 ya yi rajistar babban kundinsa a ƙarƙashin masanin falsafa Gaston Bachelard, a 1951 kuma ya yi rajistar ƙaramin a ƙarƙashin Griaule, kan tambayar su wane ne Misirawan farko. Amsarsa ita ce baƙaƙen fata ne ƴan Afirka. Da aiki ya kammala, ba a iya tara kwamitin da zai saurare shi ba. Sai ya kai wa madaba'ar Présence Africaine, ya fito a 1954 da sunan Nations nègres et Culture.

Dole ya sake wasu kunduna biyu, ya kare su a Sorbon ran 9 ga Janairu 1960. An ba shi digirin, amma da daraja ta «honorable», wadda a al'adar lokacin ba ta buɗe ƙofar koyarwa a jami'a. Ya zauna a cibiyar IFAN ta Dakar, inda ya kafa ɗakin awon shekarun kayan tarihi, kuma sai a 1981 ya sami kujerar koyarwa a jami'ar da ta ɗauki sunansa a 1987, shekara ɗaya bayan rasuwarsa.

Har yanzu masana na jayayya kan wasu hujjojin Diop, kuma haka ilimi yake. Abin da ya rasa a 1954 shi ne wurin da za a yi jayayyar da shi ido da ido. A ganinmu nan ne nauyin malami ya fi girma: ba tilas ya yarda da sakamakon ɗalibinsa ba, amma tilas ya gaya masa da wuri inda hujja ta yi rauni, idan kuma aiki ya cika sharaɗi ya tsaya har ya kai shi gaban kwamiti.

4. Daga al'ada zuwa rubutacciyar doka

Faransa ta daɗe kafin ta rubuta waɗannan haƙƙoƙi. Dokar 1984 ta soke tsofaffin digirori ta kafa dakta guda ɗaya. Ƙudurin 3 ga Satumba 1998 ya kawo yarjejeniyar da ɗalibi da malami ke sa wa hannu: malami ya ɗauki alkawarin ganawa a kai a kai, ya kuma shaida wa ɗalibi yawan kundunan da yake jagoranta, ɗalibi ya ɗauki alkawarin yin aiki a kan lokaci da sanar da malami duk wahalar da ya gamu da ita, in an sami saɓani a nemi mai shiga tsakani. Ƙudurin 25 ga Mayu 2016 ya ƙara kwamitin bin sawun ɗalibi, wanda malaminsa ba ya cikin membobinsa.

A wajenmu, hukumar CAMES da aka kafa a Yamai a 1968 tana lissafa kundunan da malami ya jagoranta cikin sharuɗɗan ƙarin girma. Wannan yana ƙarfafa malamai su karɓi ɗalibai, amma yana iya sa mutum ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin kansa, musamman a ƙananan jami'o'i irin na Maraɗi, Tawa da Damagaram, inda masu ikon jagoranci ba su da yawa.

Kammalawa

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu ɗalibi ya saɓa wa malaminsa cikin ladabi. Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibril ɗan Umar a Agadas, ya ƙi bin ra'ayinsa kan kafirta mai aikata babban zunubi, ya rubuta hakan, kuma bai daina yabonsa ba. Shawararmu ita ce kowane sashe ya sa malami da ɗalibi su rubuta, tun ranar rajista, lokutan ganawarsu, da wa'adin duba babi, da sunan wanda za a kai wa kuka. Ɗalibi ya kawo rubutu a kan lokaci, malami ya mayar da shi da gyara a kan lokaci.